Firits Haber: ɗan mai sai da rini da ya fiddo taki daga iska

Duk wanda ya taɓa tayin buhun takin zamani a kasuwar Maraɗi ko Damagaram, hajar wani Bajamushe ya taya, ko da bai san sunanshi ba.

An haifi Firits Haber ran 9 ga Disamba 1868 a Bireslaw, garin da ke cikin ƙasar Polan a yau. Uwarshi ta rasu yana ɗan sati uku. Ubanshi Bayahude ne, attajiri mai sai da rini da fenti da magunguna, ya so yaron ya gaji kanti. Sun gwada aiki tare, jininsu bai haɗu ba, sai ɗan ya koma ma kimiyya.

A zamanin, daga ƙasar Shili Turawa ke ɗauko gishirin taki a jirgin ruwa, suna fargabar ranar da zai ƙare. Alhali abincin shuka, wato azot, shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, sai dai hatsi ba ya iya cin shi haka nan. A 1909, a garin Karlsruhe, Haber ya haɗa azot da iskar haidirojin cikin tukunyar ƙarfe, da zafi wajen digiri 500, da matsi kusan ninki 200 na iskar waje. Amoniya ta soma ɗiga. Karl Bosh na kamfanin BASF ya mai da abin masana'anta a 1913. Daga amoniyar ake yin farin takin yuriya, kuma masana na ƙiyasta abincin kusan rabin mutanen duniya ya rataya a kanta.

Wannan zafi da matsin su ne tsadar, jama'a. Har yau da gas ake hura wutar, daga gas ɗin kuma ake cire haidirojin, shi ya sa da gas ya hau a 2022 buhun taki ya bi shi. Masu bincike na neman hanyar yin ta da ƙaramin zafi, da lantarkin rana, don a adana ta cikin tanki a ƙona ranar buƙata, tunda babu gawayi a cikinta.

Sauran labarin ba daɗi. Shi ya shirya ma sojan Jamus iskar gubar da aka saki a Ipir, ƙasar Beljik, ran 22 ga Afirilu 1915. Kwana 10 bayan haka matarshi Kilara, ita ma dakta a kimiyya, ta harbe kanta da bindigarshi. Duk da haka aka ba shi kyautar Nobel ta 1918. Ya ɓata shekaru yana tace ruwan teku neman zinariya don Jamus ta biya bashin yaƙi, bai mai da ko uwar kuɗi ba.

Da Hitila ya hau mulki a 1933, aka ce ya kori Yahudawan da ke aiki ƙarƙashinshi. Ya aje aiki, ya bar ƙasar. Ciwon zuciya ya kashe shi a wani otal na Basel, ƙasar Suwis, ran 29 ga Janairu 1934, yana da shekara 65.