Waiwaye: Shekaru huɗun Marigayi Sabo Bakin Zuwo a Majalisar Dattawa

Mu da muka tashi a Hajj Yusuf mun san sunan Marigayi Alhaji Aliyu Sabo Bakin Zuwo, Allah ya jiƙansa, tun kafin mu san inda Kano take a taswira. A bakin iyayenmu muka ji shi, waɗanda ke manna kunne a jikin rediyo da daddare suna laluben Kaduna da Landan domin jin labarin gida. Sai dai kusan duk lokacin da aka ambace shi, dariya ce ke biyo baya. Wanda ya fi yawo shi ne labarin da ake bayarwa cewa an tambaye shi irin ma'adinan da Kano take da su, sai ya shiga lissafo sunayen lemon kwalba, saboda a Turancin Nijeriya kalma ɗaya ce ake kiran abubuwan biyu da ita. Da wannan raha, da kuma gwamnan wata uku da ya yi, aka binne shekaru huɗun da ya yi a Majalisar Dattawa, alhali a ganinmu nan ne ainihin aikinsa yake.

An haife shi a birnin Kano a 1934, kuma Bakin Zuwo sunan unguwa ne a cikin ganuwa. Bai ga allon boko ba sai da ya kai kimanin shekara 16, lokacin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci a makarantar Shahuci a 1950. Daga baya ya taɓa karatu a Sabon Gari, ya kuma yi kwas na sha'anin mulkin ƙananan hukumomi a Zariya. Amma babbar makarantarsa ita ce zauren Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a watan Agustan shekarar da ya fara koyon baƙaƙen boko. A can ya koyi tsayawa gaban taro, da mayar da magana nan take, da yadda ake yi wa talaka bayani da harshen da yake ji.

Da sojoji suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya bi Malam zuwa PRP, kuma a zaɓen watan Yulin 1979 ya ci kujerar Kano ta Tsakiya. Majalisar da ya tarar a Legas tana da sanatoci 95, biyar daga kowace jiha cikin jihohi 19. NPN ta Shugaba Shehu Shagari na da 36, UPN 28, NPP 16, GNPP 8, PRP kuwa ita ce auta da kujeru 7, biyar daga Kano, biyu daga Kaduna. Dakta Joseph Wayas ne shugaban majalisa, Dakta Olusola Saraki kuma jagoran ɓangaren gwamnati. Zaure ne cike da lauyoyi da likitoci da tsofaffin malaman jami'a.

A nan akwai abin da masu dariya ba su cika ambata ba. Tsarin mulkin 1979, a sashe na 51, ya ce za a gudanar da harkokin majalisa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Har jamhuriyar ta faɗi ba a yi wannan tanadi ba. Wato mutumin da in ya hau mumbari a Kano da Hausa sai an yi da gaske a iya karawa da shi, dole ya miƙe a Legas ya yi muhawara da harshen da ya tsinta da girmansa, 'yan jarida na zaune a sama suna jiran tuntuɓen harshe. Mu Hausawan Sudan ba sai an yi mana dogon bayani ba a kan wannan. Mun ga dattawanmu masu fasaha da kaifin basira sun tsaya gaban ma'aikaci da guntun Larabci, an ɗauke su marasa wayo.

Wani a matsayinsa da sai ya kama bakinsa, ya riƙa ɗaga hannu in an zo ƙuri'a, ya karɓi albashi. Shi bai yi haka ba. Abin da aka sha rubutawa a kansa shi ne, a wancan zango babu sanatan da ya kai shi gabatar da ƙudurorin doka. Mai karatu ya tuna cewa ƙuduri ba takarda ba ce da ake ajiyewa a tafi. Sai an yi masa karatu na ɗaya, a zo na biyu inda mai shi zai tashi ya kare shi, a tura shi kwamiti, a dawo da shi karatu na uku, sannan ya tsallaka Majalisar Wakilai, kafin ya je teburin shugaban ƙasa. Ga ɗan jam'iyya mai kujeru 7 cikin 95, kowane mataki sai da roƙo da lallashi da ciniki.

Wannan ƙanƙantar ta PRP ba ta hana ƙuri'unta tsada ba. Ana bukatar 48 kafin a ce an sami rinjaye, NPN kuma 36 gare ta. Ƙawancen da ta ƙulla da NPP ne ya kai ta 52, da ƙawancen ya watse a watan Yulin 1981 kuwa, sai gwamnati ta koma neman ƙuri'a ɗaya-ɗaya a wajen ƙananan jam'iyyu. Kafin nan PRP kanta ta riga ta dare gida biyu. A 1980 gwamnoninta biyu, Alhaji Abubakar Rimi na Kano da Alhaji Balarabe Musa na Kaduna, suka ci gaba da halartar taron gwamnoni tara na 'yan adawa duk da hanin uwar jam'iyya, aka kore su, aka sami 'yan Santsi a bayan gwamnonin da 'yan Taɓo a bayan Malam. Sabo Bakin Zuwo ɗan Taɓo ne na gaba-gaba, kuma da bakinsa a rediyo aka yi yawancin wannan yaƙi.

'Yan Santsi sun zargi ɓangarensa da zama 'yan amshin shatan NPN, kuma zargin ya bi shi har ƙarshen zamansa a majalisa. Mu dai abin da muka fahimta shi ne, ma'auninsa ɗaya ne, wato inda Malam Aminu ya tsaya. Wannan biyayya ita ce ƙarfinsa a cikin birnin Kano, ita ce kuma iyakarsa, domin sanatan da ya ɗaure ƙuri'arsa a jikin mutum ɗaya, komai girman mutumin, ya rage wa kansa 'yancin da masu zaɓe suka ba shi.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983. Rimi ya koma NPP, ya sauka daga mulki domin ya sake takara, amma a zaɓen watan Agusta Sabo ya kayar da shi, aka rantsar da shi gwamna ranar 1 ga Oktoba. Cikin ayyukansa na farko har da rushe sababbin masarautun da Rimi ya ƙirƙiro a 1981, ya mayar da ƙasarsu ƙarƙashin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Abin mamaki, ɗan NEPU ne ya yi wa gidan sarauta wannan gata. Ya kuma rufe silimar Palace da ke Jakara ya mayar da ita asibiti.

Ranar 31 ga Disambar 1983 sojoji suka kifar da gwamnati, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka rufe majalisar da Sabo ya baro wata uku kacal da suka wuce. Haka ta faru da tamu Majalisar Dattawan mai kujeru 50 a Khartoum, wadda Janar Ibrahim Abbud ya rushe ranar 17 ga Nuwambar 1958. Sojojin Nijeriya sun ce sun sami Naira miliyan 3.4 a jibge a gidan gwamnan, shi kuma ya kare kansa da cewa kuɗin gwamnati ne a gidan gwamnati. Ba mu ga yadda wannan amsa za ta wanke shi ba, ko da kuwa kotun soja ce ta yi shari'ar, wadda ta jera masa hukuncin ɗaurin da aka ce jimillarsa ta kai shekara 300.

A zamanin Janar Ibrahim Babangida aka sake shi, amma bai daɗe a waje ba. Ya rasu a watan Fabrairun 1989 a wani asibiti a ƙasar Jamus, yana da shekara 54. Tsohuwar silimar nan ta Jakara ita ce ta zama asibitin haihuwa da aka sa wa sunansa.