Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo A Bakin Shekara Sittin

 Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu duba tarihin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ta fuskar yadda ya tarbi kowace shekara goma ta rayuwarsa, musamman ta ƙarshe. Dalili kuwa shi ne, a nan Chikaji da Sabon Gari da Samaru akwai dattawa da yawa, waɗansu sun bar aikin reluwe, waɗansu sun bar aikin Jami'ar Ahmadu Bello, waɗansu kuma ƙarfin zaman kasuwa ya fara gaza musu. Duk suna bakin sittin ko saba'in, suna tunanin abin da ya rage wa mutum ya yi.

An haifi Shehu a Maratta cikin ƙasar Gobir a watan Safar na shekara ta 1168 bayan Hijira, watau Disamba 1754, ya tashi a Degel. Ya fara karatu wurin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, sa'an nan ya ɗauki ilimi wurin manyan malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Shekarunsa da za mu ambata a nan na lissafin Hijira ne, domin da shi mutanensa suke ƙidaya.

Yana da shekara 20 ya fara wa'azi. Cikin shekarunsa na talatin ya zauna kamar shekara biyar a Zamfara yana karantarwa, a lokacin ne kuma Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu bai karɓa ba, sai ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki waɗanda aka tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Dab da cikarsa arba'in, shekarar da Alkur'ani ya ambata cikin Suratul Ahƙafi a kan cikar ƙarfin mutum, ya gama babban littafinsa Ihya'us Sunna a 1793.

Yana da shekara 50, lokacin da waninsa zai fara neman inuwa, sai ga hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairu 1804. Jama'a suka yi masa mubaya'a, aka gwabza a Tabkin Kwatto aka yi nasara, aka sha wuya a Tsuntsuwa inda mahaddata Alkur'ani kamar 200 suka yi shahada, har Allah ya kawo faɗuwar Alkalawa a 1808. Cikin waɗannan shekaru ne ya ba da tutoci, har da ta Malam Musa wanda ya zo ya ci Zazzau, ya yi sarauta har 1821.

To, jama'a, a nan ne abin lura yake. Ƙasa ta buɗe, sarakuna suna aiko da gaisuwa, babu mai ja da maganarsa. Ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, amma Shehu ya bar Gwandu ya koma Sifawa ya shimfiɗa buzun karatu. A 1812, yana da shekara 59, ya raba aikin mulki biyu: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga Bello. Ya sauke kayan nan da hannunsa, da ransa da lafiyarsa, tun ba a ce masa ya gaza ba. Amfanin haka ya bayyana bayan rasuwarsa. An sami ɗan sanyin zumunci tsakanin Abdullahi da Bello a kan gadon shugabanci, amma da yake kowannensu ya riga ya yi shekara biyar yana riƙe da ɓangarensa, daular ba ta watse ba, har suka daidaita a Kalambaina.

Wannan shi ne darasi na farko ga wanda ya doshi sittin. Sau nawa muka ga dattijo ya ƙanƙame mabuɗin rumfa da takardun gida da limancin masallaci, ba wanda ya san bashin da ake binsa ko wanda yake bi, ranar da ya faɗi sai gida ya zama filin shari'a? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka ɗora wa na baya kaya tun kana iya gyara musu gammo, ka rubuta basussuka, ka bayyana abin da yake naka da abin da yake amana.

Na biyu shi ne sassauci. Wanda ya karanta littattafan da Shehu ya rubuta a Sifawa, irin su Nasihatu Ahliz Zaman na 1811 da Najmul Ikhwan na 1812, zai ga yadda ya himmatu ga hana ɗalibai gaggawar kafirta mutane da tsananta musu a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa. A mas'alolin kiɗa da tufafin masu mulki da sunayen sarauta ya ɗauki ra'ayi mai sauƙi fiye da na Abdullahi, suka yi saɓani a rubuce, kowa ya kawo hujjarsa. Duk da haka, cikin Najmul Ikhwan ɗin nan ne ya kwaɗaitar da ɗalibai su karanta littattafan Abdullahi domin kiyaye shari'a, da na Bello domin sanin siyasa. Dattijon da zai yabi ƙanensa da ɗansa a gaban duniya ya gama da son zuciyarsa. Mu kuwa sai ka ga mutum furfura ta cika masa gemu, amma ya daina gaisawa da maƙwabcinsa saboda ƙabalu da sadalu. Tsufan da bai ƙara wa mai shi haƙuri ba, ya ƙara masa nauyi ne kawai.

Na uku, sauke mulki bai sa Shehu ya kama bakinsa ba. Da ya ga waɗansu daga cikin waɗanda aka ba riƙon jama'a sun fara cin dukiyar talakawa, ya yi musu waƙar gargaɗi da Fulatanci, wadda 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831, watau Tabbat Haƙiƙa. Ya ci gaba da karantar da maza da mata, bai bar alƙalami ba sai da ciwo ya kayar da shi. Saboda haka wanda ya bar aiki kada ya ɗauka aikinsa ya ƙare. Idan kana da karatu, ka tara yaran unguwa a zaure. Idan sana'a gare ka, ka koya wa wani kafin ta bi ka kabari. Idan kuma karatun ne ya wuce ka da ƙuruciya, makarantun dare da na asuba suna nan, ba a korar mai furfura.

Na huɗu shi ne ƙanƙanta buƙata. An ruwaito cewa Shehu yakan tuƙa igiya a sayar domin abincinsa, tufafinsa kuma ba su da yawa, alhali dukiyar ƙasashe tana ƙarƙashin umurninsa. Wanda ya ƙi kyautar Bawa yana da shekara talatin da ɗoriya bai sake hali ba yana da sittin. Mai ƙaramar buƙata ba ya zama kaya ga 'ya'yansa, ba ya kuma sayar da gaskiya domin a ba shi.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato, ciwo ya yi ta cinsa, har Allah ya karɓi ransa ranar 20 ga Afrilu 1817, daidai da 3 ga Jimada Lahir 1232, yana da shekara 64. An binne shi a inda ake kira Hubbare, jama'a suna ziyararsa har yau. Shekara huɗu kaɗai ya samu a cikin goman nan ta ƙarshe, da ya jinkirta gyara har ya kai saba'in da bai samu ba. Ya zo cikin hadisin da Buhari ya ruwaito cewa wanda Allah ya jinkirta wa ajali har sittin ba shi da sauran uzuri, wani hadisin na Tirmizi kuma ya nuna yawancin shekarun wannan al'umma tsakanin sittin ne da saba'in.

Allah ya jiƙan Shehu da jama'arsa, ya sanya albarka cikin abin da ya rage na kwanakinmu, ya sa mu cika da kyau da imani, amin.