Tarihin Alois Alzheimer, likitan da cutar mantuwa ke ɗauke da sunansa

Sama da shekaru 100 bayan rasuwarsa, har yau binciken da ake yi kan cutar mantuwa yana tafiya ne a kan wasu abubuwa biyu da wannan likita ɗan ƙasar Jamus ya gani a ƙarƙashin madubinsa a shekara ta 1906.

A ko'ina cikin duniya in aka ambaci sunan Alzheimer, abin da ke faɗo wa jama'a a rai shi ne cutar nan da ke cinye tunanin ɗan Adam sannu a hankali, har ta kai uwa ta kasa gane 'ya'yan cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewar a shekara ta 2021 mutane kimanin miliyan 57 ne ke fama da larurar gushewar tunani, sama da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu kuwa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke zaune. Cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan larura. To sai dai kuma ƙalilan ne suka san mutumin da cutar ke ɗauke da sunansa.

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga watan Yunin shekara ta 1864 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Marktbreit da ke bakin kogin Main a jihar Bavariya. Mahaifinsa jami'in shari'a ne mai aikin tabbatar da ingancin takardu. Bayan ya kammala makarantar sakandare a Aschaffenburg a shekara ta 1883, ya karanci ilimin likitanci a jami'o'in Berlin da Tübingen da kuma Würzburg. Kundin digirinsa, wanda ya rubuta a 1887, ya ta'allaƙa ne a kan gaɓoɓin da ke samar da dauɗar kunne. Ko da yake batun ba shi da wata alaƙa da ƙwaƙwalwa, aikin ya koya masa yadda ake yanka tsoka siriri a rina ta a duba a madubin likita, sana'ar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

A ƙarshen shekara ta 1888 ya fara aiki a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Frankfurt, ƙarƙashin jagorancin Emil Sioli. A wancan zamani an saba ɗaure irin waɗannan marasa lafiya ko a kulle su a ɗaki, amma Sioli da mataimakansa suka yi watsi da wannan hanya, suka koma ga yi musu dogon wanka da ruwan ɗumi da kuma zama a yi hira da su. A nan ne Alzheimer ya ƙulla abota da Franz Nissl, wanda ya ƙirƙiro wata dabarar rini da ke bayyana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ƙarara. Da rana su biyun kan duba marasa lafiya, da dare kuma su duƙufa kan madubi, bisa imanin da suka yi cewar da yawa daga cikin abin da ake kira hauka ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda tilas ya bar alamar da ido zai iya gani.

A shekara ta 1894 ya auri Cecilie Geisenheimer, wata bazawara da mijinta attajiri ya rasu ya bar mata dukiya, suka haifi 'ya'ya uku. Ta rasu a farkon shekara ta 1901, kuma bai sake yin aure ba. Dukiyar da ta bari ita ce ta ba shi damar yin aikin bincike na tsawon shekaru ba tare da albashi ba.

A wannan shekara ta 1901, ranar 25 ga watan Nuwamba, aka kawo wata mace 'yar shekaru 51 mai suna Auguste Deter asibitin na Frankfurt. Mijinta, ma'aikacin hukumar jiragen ƙasa, ya bayyana cewar cikin 'yan watanni halinta ya canza gaba ɗaya. Ta fara zarginsa da neman wata maƙwabciya, ta kasa girki, tana ɓoye kayan gida, tana ihu da tsakar dare saboda tsoron za a kashe ta. Washegari Alzheimer ya zauna da ita yana yi mata tambayoyi, yana rubuta amsoshinta ɗaya bayan ɗaya. Da ya tambaye ta sunan mijinta, sai ta maimaita nata sunan. Da ya tambaye ta abin da take ci, sai ta ambaci wani abinci dabam. Da ya ba ta takarda ta rubuta sunanta, sai ta tsaya a tsakiya ta manta abin da aka sa ta, ta kuma shaida masa cewa ji take kamar ta ɓace wa kanta.

Abin da ya ɗaure wa likitan kai shi ne shekarunta. Irin wannan ruɗewa an san ta ne ga tsofaffi tukuf, abin da Hausawa kan kira gigin tsufa, kuma likitocin zamanin sun ɗauke ta a matsayin abin da tsufa ke zuwa da shi. Ita kuwa Auguste ba ta kai nan ba. Kazalika alamominta ba su yi daidai da na ciwon tunjere ba, wanda a lokacin shi ne ke cika asibitocin mahaukata a Turai idan ya hau ƙwaƙwalwa, kuma Alzheimer gwani ne a kansa.

A shekara ta 1903 ya bar Frankfurt ya bi shahararren malamin nan Emil Kraepelin, da farko zuwa Heidelberg, daga bisani zuwa birnin Munich, inda ya shugabanci ɗakin binciken ƙwaƙwalwa na asibitin jami'a. Duk da haka ya ci gaba da bin diddigin halin da matar ke ciki. Ta rasu ranar 8 ga watan Afrilun 1906, bayan ta daɗe a kwance ba ta iya magana, sakamakon gyambon kwanciya da ya gurɓata mata jini. Sioli ya aika masa da ƙwaƙwalwarta da takardunta zuwa Munich.

Tare da taimakon wasu likitoci biyu 'yan Italiya, Gaetano Perusini da Francesco Bonfiglio, ya yi amfani da wata sabuwar dabarar rini da sinadarin azurfa. Ya tarar ɓawon ƙwaƙwalwar ya motse, ƙwayoyinsa masu tarin yawa sun mutu. Daɗin daɗawa ya ga abubuwa biyu: wasu curi-curi da suka taru a tsakanin ƙwayoyin, da kuma wasu zarurruka da suka sarƙe a cikin ƙwayoyin kansu. Ranar 3 ga watan Nuwamban 1906 ya gabatar da sakamakon a taron likitocin taɓin hankali na kudu maso yammacin Jamus karo na 37 a garin Tübingen. Da ya kammala jawabinsa, babu ko mutum ɗaya da ya yi tambaya. A shekara ta 1907 aka buga bayanin a 'yan shafuka kaɗan.

Kraepelin ne ya raɗa wa cutar suna a shekara ta 1910, a bugu na 8 na littafinsa na koyar da ilimin taɓin hankali. Shi kansa Alzheimer bai nemi wannan girma ba, domin a ganinsa wani nau'i ne da ba kasafai ake samunsa ba na ruɗewar da ke riga tsufa zuwa. Kuma ba shi kaɗai ne ya yi aiki a kan batun ba. A birnin Prag, Oskar Fischer ya ba da rahoton irin waɗannan curi-curi a ƙwaƙwalen tsofaffi 12 a shekara ta 1907, amma aka manta da shi. Bayahude ne, ya kuma mutu a hannun 'yan Nazi a Theresienstadt a shekara ta 1942.

Ɗakin binciken na Munich ya jawo matasan likitoci daga ƙasashe daban-daban. Daga cikinsu akwai Friedrich Lewy da Hans Gerhard Creutzfeldt da Alfons Jakob, waɗanda a yau wasu cututtukan ƙwaƙwalwa ke ɗauke da sunayensu. Akwai kuma ɗan Afirka ta Yamma, Solomon Carter Fuller, wanda aka haifa a Monrovia ta ƙasar Laberiya a 1872, jikan wani bawa da ya fanshi kansa a Amurka. Fuller ya yi aiki da Alzheimer daga 1904 zuwa 1905, kuma a shekara ta 1912 shi ne ya wallafa cikakken nazari na farko kan cutar da harshen Ingilishi.

A shekara ta 1912 aka naɗa Alzheimer farfesa kuma shugaban asibitin taɓin hankali na jami'ar Breslau, birnin da a yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Poland. A cikin jirgin ƙasa kan hanyarsa ta zuwa kama aiki rashin lafiya ta same shi, ta taɓa masa zuciya, kuma bai sake murmurewa sosai ba. Ya rasu ranar 19 ga watan Disamban 1915 yana da shekaru 51 da haihuwa. An binne shi a babbar maƙabartar Frankfurt kusa da matarsa.

Kusan shekaru 60 bayan haka cutar ba ta ja hankali sosai ba. Sai a shekara ta 1976 wani likitan Amurka, Robert Katzman, ya kafa hujja cewar ruɗewar da ke samun tsofaffi da wadda Alzheimer ya bayyana cuta ɗaya ce, kuma tana cikin manyan cututtukan da ke kisa. Daga nan bincike ya kankama. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware wani furotin mai suna amiloyid, wanda daga bisani aka tabbatar shi ne ke cikin curi-curin nan. A tsakiyar shekarun 1980 aka tabbatar cewa zarurrukan kuma wani furotin ne da ake kira tawu, aikin da Inge Grundke-Iqbal da mijinta Khalid Iqbal, haifaffen Pakistan, suka taka muhimmiyar rawa a cikinsa. A 1993 aka gano wata ƙwayar gado mai suna APOE4 da ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar. A ƙarshen 1995 kuma Konrad Maurer da abokan aikinsa suka tono fayil ɗin Auguste Deter a ma'ajiyar asibitin Frankfurt, da rubutun hannun Alzheimer a ciki.

Afirka ma ta ba da tata gudummawa. Tun daga 1992 masana na jami'ar Ibadan da takwarorinsu na Indianapolis suka riƙa kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cewar yawan masu kamuwa da cutar a Ibadan bai kai rabin na Indianapolis ba, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa abinci da lafiyar hanyoyin jini da yanayin zama suna da tasiri baya ga gado.

Magungunan farko da suka fito a shekarun 1990 alamomin cutar kawai suke sassautawa na wani lokaci. A watan Yulin 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ba da cikakken izinin amfani da lecanemab, maganin da ake ba da shi ta hanyar ƙarin ruwa domin share amiloyid daga ƙwaƙwalwa. A gwajin da aka yi wa mutane kusan 1,800 na tsawon watanni 18, ya rage saurin taɓarɓarewar tunani da kashi 27 cikin 100. A watan Yulin 2024 aka amince da wani makamancinsa, donanemab. To amma babu ɗayansu da ke warkar da cutar. Masu farkon ciwon kaɗai suke yi wa amfani, suna iya haddasa kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa, sa'annan ga tsada, domin an fara sayar da lecanemab a kan dala 26,500 a shekara. A watan Mayun 2025 kuma hukumar ta amince da gwajin jini na farko da ke taimakawa wajen gano cutar, ta hanyar auna waɗannan furotin biyu da Alzheimer ya ga sawunsu.

Ga ƙasashen da ba su da ƙarfin sayen irin waɗannan magunguna, wani rahoton da kwamitin masana na mujallar Lancet ya fitar a 2024 ya fi muhimmanci. Rahoton ya lissafa abubuwa 14 da in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na larurar. Daga cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba da barasa, ƙarancin ilimi, raunin ji da na gani, buguwa a ka, rashin motsa jiki da kaɗaici.

Ko shakka babu babban gadon da Alois Alzheimer ya bari shi ne nuna cewar mutumin da tunaninsa ya gushe maras lafiya ne, wanda ke da haƙƙin a saurare shi a kuma bincika abin da ke damunsa. Wannan darasi bai kai ko'ina ba, domin a wasu sassan Afirka har yau akan zargi tsofaffin mata masu irin wannan larura da maita, a kore su daga gidajensu. Likitoci na ba da shawarar a kai tsohon da ya fara ruɗewa asibiti da wuri, musamman ma da yake wasu dalilan mantuwa, kamar ƙarancin sinadarin bitamin B12 da ciwon damuwa, suna jin magani. Tun daga shekara ta 1994 aka keɓe ranar 21 ga watan Satumba ta kowace shekara domin tunawa da masu fama da cutar da kuma iyalan da ke ɗawainiya da su.