Ɗan Hausa, Baturen da ya fara da harshen yaro

Duk wanda ya je unguwar Nasarawa a Kano zai ga wani tsohon gidan ƙasa da ake kira Gidan Ɗan Hausa. Sunan yanka na mai gidan Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a shekara ta 1876, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij ta Ingila. A 1901 ya zo ƙasar nan a matsayin ɗan mishan na CMS, ya zauna a Loko tare da Likita Mila, wanda daga baya ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa. Bai daɗe ba ya bar mishan ya shiga aikin gwamnati a Borno. A 1906 ya ƙetare Hamada tare da ayari, daga Tarabulus har Kukawa. Hausar bakinsa da sanin al'adu su suka sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Da gwamnati ta ɗora masa aikin kafa makarantar boko a Arewa, sai ya fara zagaya makarantun Masar da Sudan. A 1909 ya buɗe tasa a Nasarawa. Ya yi imani cewa yaro yana gane abu ne da harshen da ya sha a nono, saboda haka da Hausa ake koyarwa. Yara suna sa tufafinsu na gida, suna gaisuwa yadda iyayensu ke yi. Malamai ya fara horarwa. Akwai ajin 'ya'yan sarakuna, akwai sashen sana'a inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci, don kada mai karatu ya raina aikin hannu. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko.

Amma tsarin yana da giɓi, kuma mu giɓin ya fi shafa. Don a kwantar wa sarakuna hankali, ba a koyar da bishara a makarantar, an kuma takura wa 'yan mishan a masarautu. 'Ya'yan manya da na malamai aka fi ɗauka, maza zalla. Ɗan talaka da ɗan Bamaguje na karkarar Katsina suka zauna a gona. Ko Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 bin wannan sawu ta yi. Yawancin iyayenmu sai da mishan ta iso ƙauyuka tukuna suka riƙe fensir.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Kano. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimin Afirka. Takardar da kwamitin ya fitar a 1925 ta sa gyaran hali da koyarwar addini a sahun gaba, ta kuma nemi a kula da ilimin 'ya'ya mata. Ya rasu a Ingila a 1945.

'Yan'uwa na Rawayau da Dutsin-Ma da Kurfi, yau muna ganin yaro ya gama firamare yana rera Turanci, amma bai iya karanta aya guda da Hausa ba, yana kuma jin kunyar fartanya. Karin Magana 22:6 ta ɗora wa iyaye nauyin tarbiyya tun yaro na ƙarami. Ikilisiyar da ke da makaranta ta koya wa yara karatu da Hausa kafin Turanci, ta haɗa musu da sana'a, ta zaɓi malamai masu halin kirki, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yar talaka da maraya, waɗanda makarantar Nasarawa ta bari a waje. Ubangiji ya ba mu hikima.