INJINIYAN DA YA YI WA ALHAZAI INUWA A JIDDA

'Yan uwa, duk alhajin da ya taɓa sauka a filin jirgin Jidda ya ga fararen rumfunan nan masu kama da tantuna, inda ake zaman jiran mota ko jirgi. Mun sha inuwarsu, mun yi sallah a ƙarƙashinsu, wasu har barci sun yi. To amma mutum nawa ne a cikinmu suka san injiniyan da ya jagoranci tsara su? Sunansa Dakta Fazlur Rahman Khan.

An haife shi a 1929 a yankin da yau ake kira Bangladesh. Mahaifinsa malamin lissafi ne. Bayan ya yi digirin injiniya a Dhaka, sai ya samu tallafin karatu ya tafi Amurka a 1952. A Jami'ar Illinois, cikin shekara 3 kacal, ya haɗa digiri na biyu har guda biyu, ya ɗora da digirin dakta a 1955. Daga nan ya kama aiki a birnin Chicago.

A lokacin, gina dogon bene yana cin ƙarfe ba kaɗan ba, don kada iska ta riƙa kaɗa shi. Shi ne ya fito da dabarar mayar da ƙarfin gini jikin bangonsa na waje, ya zama kamar bututu. Daga baya ya haɗa bututu 9 wuri guda, kamar yadda manomi ke ɗaure damin kara ya gagari karyawa. Da haka aka gina Sears Tower mai hawa 110, wanda ya fi kowane bene tsawo a duniya har zuwa 1998.

Duk da wannan ɗaukaka bai manta da gida ba. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu a 1971, miliyoyin mutane suka yi gudun hijira. Yana Chicago cikin rufin asiri, ba wanda zai zarge shi in ya yi shiru. Sai ya tara 'yan ƙasarsa mazauna can, suka kafa gidauniyar agaji, suka shiga tara kuɗi don waɗanda yaƙin ya ɗaiɗaita.

Aikin Jidda kuwa an kammala shi a 1981: rumfuna 210, gefensu a buɗe, zafi yana fita ta sama, iska tana ratsawa.

Allah Ya karɓi ransa a Jidda ɗin, ranar 27 ga Maris, 1982, yana da shekara 52. Jami'o'i sun ba shi digirin girmamawa tun yana raye. Bayan rasuwarsa, aikin Jidda ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1983, Chicago ta sa wa wani titi sunansa a 1998, Bangladesh kuma ta ba shi lambar Ranar 'Yancin Kai a 1999.

Kai ɗalibi, ke ɗaliba, da ku nake. Mu yanzu an gama jami'a, a ɗauki hoto da doguwar riga, a rataye kwali a falo, shi ke nan. Lambobin yabon nan duk suna can a ajiye, amma kowace shekara bayin Allah suna fakewa a inuwar da iliminsa ya samar, ko sunansa ba su sani ba. Kowa ya tambayi kansa: wa ke amfana da abin da na karanta, a unguwarmu ko a ƙauyenmu?

Allah Ya jiƙansa, Ya sa aikinsa a mizani, mu kuma Ya ba mu ilimi mai amfani.