Nana Asma'u 'Yar Shehu da Jajinta

An haifi Nana Asma'u, Allah ya yi mata rahama, a Degel cikin shekarar 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha wahalar hanya tare da jama'ar mahaifinta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suka zauna a Sakkwato, birnin da Ƙofar Rini take cikin tsofaffin ƙofofinsa.

Abin da ya dame ta shi ne matan ƙauye, waɗanda aikin gida da raino suka tsare, bori kuma yana jan su. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa musu malafa da jan rawani, aka kira kowacce jaji. Jaji takan jagoranci 'yan mata da tsofaffi zuwa wurinta, su haddace waƙoƙinta na Hausa da Fulatanci kan tauhidi da salla, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Su ne 'Yan Taru. Wannan dabara ce ta mai sanin halin mutanenta.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.