Dokta Lambo, Likitan Da Ya Kwance Wa Masu Taɓin Hankali Mari

Duk wanda ya taɓa ganin ɗan'uwansa cikin turu, ko an ɗaure masa ƙafa da mari saboda hankalinsa ya gushe, ya san irin baƙin cikin da wannan ciwo yake jawo wa gida. Akwai wani Bayarabe mutumin Abekuta da ya ƙare rayuwarsa wajen neman a daina yi wa bayin Allah haka, shi ne Shehun Malami Thomas Adeoye Lambo, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a kan ciwon taɓin hankali bisa ilmin zamani.

An haifi Lambo a Abekuta ran 29 ga watan Maris, 1923. Ya yi karatun sakandare a makarantar Baptis ta samari da ke garinsu, daga nan ya haye Ingila, ya shiga Jami'ar Birmingham inda ya koyi aikin likita. Cikin 1952 ya koma wata babbar cibiya ta birnin Landan wadda ake koyar da maganin ciwon ƙwaƙwalwa. A wancan zamani wannan fanni ba shi da farin jini ko kaɗan, likitoci sun fi son aikin fiɗa da sauran fannonin da ke kawo suna da kuɗi. Mai duba mahaukata kuwa, wasu har kallon mahaukaci suke yi masa.

Sa'ad da ya komo gida cikin 1954, abin da ake da shi a ƙasar nan bai wuce gidajen mahaukata ba, irin na Kalaba, da na Yaba a Ikko wanda aka buɗe tun 1907, da na Lantoro a Abekuta. Waɗannan gidaje da kurkuku kusan duk ɗaya ne, ana kulle mutum ne don kada ya dami jama'a, ba don ya warke ba. A wurare da dama ma cikin gidan yari ake ajiye su tare da fursunoni. Saboda haka in ciwon ya sami mutum, danginsa sun gwammace su ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, ko su kai shi wurin boka, da su miƙa shi ga hukuma.

Gwamnati ta ɗora Lambo bisa shugabancin sabon asibitin Aro, a bayan garin Abekuta. Amma ya tarar ba a gama ginin ba, ga marasa lafiya sun yi yawa, ga ma'aikata kaɗan. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya tafi wurin dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su ba marasa lafiya hayar ɗakuna cikin gidajensu. Ba a yarda nan da nan ba, domin mutane suna tsoron a yi musu ɓarna, wasu kuma sun ɗauka hauka ana shafarta kamar ƙyanda. Da lallashi da yawan zama da dattawa aka shawo kansu, shirin ya kankama cikin watan Oktoba na 1954.

Ga yadda abin yake tafiya a wancan lokaci. Ba a karɓar majinyaci sai tare da wani nasa, ko uwa, ko 'yar'uwa, ko gwaggo. Ita za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta raka shi asibiti da safe a ba shi magani, sa'an nan su komo masauki da yamma. Wanda ya fara samun sauƙi yakan shiga gona ko kasuwa tare da mutanen gari. Su kuma masu gidaje suna karɓar kuɗin haya, an ba su rance sun ƙara ɗakuna, an kawo musu ruwan sha mai kyau, ana kuma duba lafiyarsu. Ma'aikatan jiyya suna nan kusa dare da rana, kuma likitoci sukan zauna da dattawa a kai a kai don jin koke-kokensu.

Dalilin Lambo shi ne, mutumin ƙasarmu ba shi kaɗai yake rayuwa ba. In ka raba shi da danginsa ka kulle shi shekara da shekaru cikin baƙin mutane, ko da ciwon ya tafi ba zai iya komawa cikin jama'a ba, su ma ba za su karɓe shi ba. Amma in uwarsa ta ga yadda yake samun sauƙi da idonta, ta koyi yadda za ta ba shi magani, ta gane alamun tashin ciwon, to, ita ce za ta zama mai shaida a garinsu cewa ana warkewa. Bugu da ƙari, wannan hanya ta fi arha nesa ba kusa ba. An kuwa yi dace, a daidai wannan lokaci ne sababbin magungunan kwantar da hankali irin su Largactil suka fito, suka sa aka iya jiyyar mutum ba tare da an ɗaure shi ba.

Abin da ya fi jawo masa surutu shi ne jawo masu maganin gargajiya da ya yi cikin aikin. Wasu likitoci sun ga kamar ya zubar da darajar ilminsa. Shi kuwa ya lura cewa kusan duk wanda aka kawo Aro ya riga ya bi ta hannun boka, kuma majinyaci ya fi sakin jiki ya faɗi damuwarsa ga wanda ya san al'adarsa da abin da yake tsoro. Don haka ya bar su su yi ta zantawa da marasa lafiya, su kwantar musu da rai, shi kuma yana riƙe da sha'anin magani. Ashe rabin aikin nan sauraro ne da haƙuri.

Ya kuma yi fama da wani ra'ayi na wasu likitocin Turawa. Cikin 1953 wani mai suna Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, ya rubuta littafi yana nuna wai ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta kai ta Bature ba. Lambo ya mai da martani a rubuce, ya nuna cewa wannan magana son zuciya ce, ba ilmi ba. Daga baya ya haɗa kai da masana na Jami'ar Cornell ta Amurka suka bincika garuruwan Yarabawa, aka buga sakamakon cikin 1963, ya nuna cewa irin ciwon damuwa da na taɓin hankali da ke samun Bature su ne ke samun mutumin Afirka, al'ada ce kawai take sāke musu kama. Kafin wannan, cikin 1961, shi ya tara likitocin ƙwaƙwalwa a Abekuta, taro na farko irinsa a Afirka.

Akwai wani bincikensa da ya shafi duk wanda ke zaman baƙunci. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ya duba halin ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Ingila, waɗanda ciwon yake kayar da wasunsu saboda kaɗaici, da rashin kuɗi, da nauyin da 'yan gida suka ɗora musu. Wannan bai bambanta da halin ɗan Arewa da ya baro iyalinsa ya zo neman abinci Agege ko Sabon Badun ba. In aka ga abokin zama ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane ko ya fara magana shi kaɗai, ba dariya ko ɗauri ya kamata ba, a jawo shi jiki, a sanar da mai gida ko Sarkin Hausawa, a raka shi asibiti da wuri.

Cikin 1963 Lambo ya koma Jami'ar Badun a matsayin Shehun Malami, Dokta Tolani Asuni ya gaje shi a Aro. Ya zama shugaban jami'ar daga 1968 zuwa 1971, lokaci mai wuya, ana cikin yaƙin basasa. A zamaninsa ne kuma, ran 1 ga watan Fabrairu, 1971, 'yan sanda suka harbe wani ɗalibi, Kunle Adepeju, wajen zanga-zanga, abin da ya girgiza ƙasa duka. A wannan shekara ya tafi aiki Hukumar Lafiya ta Duniya a Geneva, cikin 1973 aka naɗa shi mataimakin babban darekta, ya riƙe wannan muƙami har 1988. Cikin 1979 yana cikin mutanen farko da Gwamnatin Tarayya ta ba lambar girma ta masana, tare da marigayi Alhaji Abubakar Imam. Ya rasu ran 13 ga watan Maris, 2004, saura kwana kaɗan ya cika shekara 81.

Ba duk abin da ya yi fata ne ya tabbata ba. Shirin ƙauye bai bazu ko'ina ba kamar yadda aka zata, kuma har yanzu likitocin wannan fanni sun yi wa ƙasar kaɗan, da yawansu suna ficewa waje. Cikin 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane, wasu cikin mari, daga wasu gidajen horo a jihohin Kaduna da Katsina. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 ma ba a sāke ta ba sai a watan Janairu na 2023. Duk da haka asibitin Aro yana nan yana aiki, akwai kuma irinsa na Gwamnatin Tarayya a Yaba, da Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Wanda ya kai nasa ɗaya daga cikinsu, kada ya ajiye shi ya juya baya, ya zauna kusa da shi har ya warke. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.